Yadda ake zaɓen sandar hawan dutse mara nauyi, da yadda ake aiki da ita a duwatsun Hijaz da Asir

Da zarar sanyi ya shigo, daga Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu, matasanmu na Makka da Jidda sukan haɗa mota ranar Juma'a ko Asabar su nufi Hada da Shafa a wajen Ɗa'if, wasu kuma su yi sammakon hawa Dutsen Nur ko Dutsen Saur. Idan zafi ya dawo sai hankali ya koma Abha da Dutsen Sauda, mai tsayin kusan mita 3,000. A duk waɗannan wurare za ka ga mutane riƙe da siraran sanduna biyu, kuma mafi yawansu ɗaukar sandunan kawai suke yi, ba aiki suke da su ba. Ko dai tsawon bai dace da su ba, ko sun zura hannu a igiyar ta baibai, ko kuma sun sayi irin wadda aka ƙera domin lallausar ƙasar dazukan Turai suka kawo ta cikin ƙurarmu da duwatsunmu masu kaifi.

Wannan sanda ta bambanta da kwagirin dattijo da gorar makiyayi. Biyu ake riƙewa, ɗaya a kowane hannu, kuma aikinsu shi ne su karɓi wani kaso na nauyin da ke sauka a kan gwiwa lokacin gangara, su ba kafaɗa da damtse damar taimakon ƙafa lokacin hawa, su kuma tare mutum idan tsakuwa ta kwashe shi.

Me ake nufi da mara nauyi

Sandar alminiyum da aka saba gani tana kai giram 230 zuwa 300 kowace ɗaya. Wadda ake kira mara nauyi ita ce mai ƙasa da giram 200, mafi sauƙin cikinsu kuma suna tsakanin 130 da 160. Mutum zai ce giram ɗari me zai yi, ai bai kai nauyin wayar da ke aljihu ba. To yi lissafi. Idan takunka santimita 75 ne, kilomita ɗaya taku 1,300 ne da 'yan kai, kuma kowane hannu yana ɗaga sandarsa sau ɗaya a taku biyu. Tafiyar kilomita 10 ke nan kowane wuyan hannu ya ɗaga sanda fiye da sau 6,500. A nan ne giram ɗarin yake nuna kansa, musamman idan nauyin yana can ƙasa wajen tsini, domin abin da ke nesa da hannu ya fi gajiyarwa.

Sai dai duk giram ɗin da aka rage, daga wani wuri aka yanko shi: an sirantar da bututun, ko an cire makulli, ko an rage kaurin mariƙi. Saboda haka abin nema shi ne sanda mafi sauƙi wadda za ta iya ɗaukar nauyinka a irin ƙasar da za ka taka. Idan kai da jakarka kun haura kilo 90, ka manta da masu giram 130. Kuma ka duba da kyau, wasu masu sayarwa a intanet nauyin guda ɗaya suke rubutawa, wasu na biyun, wasu ma guda ɗaya tak suke sayarwa alhali hoton na nuna biyu.

Kabon ko alminiyum

Nan ne ya kamata a daɗe ana tunani. Sandar zaren kabon ta fi sauƙi, ba ta karkarwa sosai idan ta daki dutse, ba ta kuma ɗaukar zafin rana kamar ƙarfe. Tana da ƙarfi ƙwarai idan nauyi ya sauko mata daga sama a miƙe. Rauninta daga gefe yake. Idan tsininta ya maƙale a tsagar dutse kai kuma ka ci gaba da tafiya, ba ta lanƙwasa ta ba ka gargaɗi, ɓas take karyewa, ta bar zaruruwa masu shiga fata kamar ƙaya. Haka kuma idan gefenta ya bugi kaifin dutse tana iya yin ɓoyayyen tsagu wanda ido ba ya gani, sai bayan mako biyu ta ci amanarka a gangare.

Alminiyum kuwa lanƙwasa yake yi kafin ya karye. Sandar da ta ɗan karkace za ta iya kai ka gida. Ka nemi wadda aka rubuta 7075 a jikinta, domin wannan haɗin ya fi 6061 tauri, shi ya sa ake iya sirantar da shi ba tare da ya yi laushi ba. Akwai sandunan alminiyum masu gaɓa uku da ba su kai giram 180 ba, kuma kuɗinsu sau da yawa bai wuce rabin na kabon ba.

Ƙasa ce ke yanke hukunci. Duwatsun Makka da Ɗa'if da Asir tsauraran duwatsu ne masu tsagogi. Harra ta wajen Madina da Khaibar, da kewayen ramin Wa'aba, baƙin dutsen aman wuta ne mai ramuka da kaifi kamar fasasshiyar kwalba. A irin waɗannan wurare alminiyum ya fi kwanciyar hankali, balle ga wanda yanzu ya fara. Kabon ya fi dacewa da mai tafiya mai nisa a shimfiɗaɗɗiyar hanya, ko yashin Ula da Wadi Disa, ko wanda hannunsa ya riga ya san inda ake dasa tsini da inda ba a dasawa.

Siga da makulli

Siga uku ne. Akwai mai zugewa, wadda gaɓoɓinta biyu ko uku ke shigewa cikin juna kamar eriyar rediyo. Idan an tattara ta takan koma santimita 60 zuwa 65, kuma ana iya ƙara mata tsawo ko a rage yadda ake so. Akwai mai naɗewa, wadda gaɓoɓinta ke rabuwa gida uku amma igiya ta cikinsu na riƙe da su. Ita takan koma santimita 33 zuwa 40, ta shige jakar baya ko akwati, sai dai da yawansu tsawonsu ɗaya ne ba ya canzawa, wasu kuma suna da gaɓar sama da ke ba da ƙarin santimita 15 zuwa 20. Ta uku ita ce miƙaƙƙiya mai gaɓa ɗaya, ta 'yan tsere, wadda ba ta da amfani ga mai shiga motar haya ko jirgin ƙasan Haramain.

Ga mai hawa da gangara masu tsanani, kamar Saur, mai canza tsawo ta fi. Ga mai son ya jefa sanda a jaka ya manta da ita sai ya iso gindin dutse, mai naɗewa ta fi.

Makulli iri biyu ne a masu zugewa, kuma a ƙasar nan zaɓin ba shi da wuya. Na murɗawa yana da wata 'yar roba a cikin bututu wadda ke buɗewa ta kama bango idan an murɗa. Ƙura mai laushi tana shiga ta kwanta tsakanin robar da bangon, daga nan ko dai makullin ya riƙa juyawa ba ya kamawa, ko ya kama ya ƙi saki. Ga shi ba ka iya gane ya kama ko bai kama ba sai ka dogara a kai. Na ɗan harshe kuwa a waje yake, ana buɗe shi da babban yatsa a mayar, ido na ganinsa, kuma yana da ɗan noti ko kusa da ake ɗaurewa idan ya saki. Ka ɗauki na harshe ko da ya ɗara da giram goma ko ashirin.

Sifirin ɗin da ake sa wa wasu sanduna domin rage girgiza ƙarin nauyi ne da ƙarin abin lalacewa, yana kuma sa sanda ta riƙa nutsewa a daidai lokacin da kake son ta tsaya cak. In ba kana fama da ciwon wuyan hannu ko gwiwar hannu ba, ka wuce shi.

Mariƙi, igiya, tsini da faifai

Mariƙin roba na ƙasashen ƙanƙara ne. A zafinmu gumi yake tarawa, ya yi santsi, ya tayar da bororo a tafin hannu. Na soso shi ne mafi sauƙi, yana shan gumi, sai dai yana saurin yin ɗoyi idan ba a wanke shi. Na ɓawon itacen kok ya fi daɗin riƙo a doguwar tafiya, yana ɗaukar siffar hannu a hankali, amma ya ɗan fi nauyi da tsada. Duk wanda ka zaɓa, ka so wanda sosonsa ya zarce ƙasa da mariƙi da kamar taƙi ɗaya. Amfaninsa zai zo a gaba.

Igiyar hannu ta zama mai faɗi, mai laushi, wadda ake iya ƙara wa tsawo, kuma ɗinkinta kada ya faɗo a kan fata. A sanduna masu kyau akwai ta dama da ta hagu, an sa musu alama.

Tsinin wani ɗan ƙarfe ne mai tsananin tauri, haɗin tangistan, wanda ke cizon dutse da busasshiyar ƙasa. Ka tabbata irin wanda ake iya canzawa ne, domin duwatsun nan suna cin tsini. Ana sayar da sanda da takalmin roba da ake kifa wa tsinin. Wannan takalmi ba na ado ba ne: a kan siminti, kwalta, tayil da matakala masu sulɓi, tsirarar tsini zamewa yake yi yana ƙara, roba ce ke kamawa. A kan tsakuwa, ƙasa da ɗanyen dutse kuwa robar ce ke zamewa, sai a cire ta. Ka sayi ƙarin guda biyu tun farko, suna yawan maƙalewa a tsaga su zauna can.

Ɗan faifan da ke sama da tsini yana hana sanda nutsewa. Ƙarami mai faɗin santimita 3 zuwa 5 ya isa a dutse, yana ma rage yadda tsini ke zurmawa cikin tsaga. A yashi mai zurfi sai babba, irin wanda aka yi domin ƙanƙara. Kada ka hau dutse da babban, kama duwatsu da ƙayoyi yake yi.

Auna tsawo

Ka sa takalmin da za ka yi tafiya da shi, ka tsaya a miƙe a daɓe, ka manna damtse a haƙarƙari, ka lanƙwasa gwiwar hannu har hannun ya miƙe gaba daidai da ƙasa, ba sama ba ƙasa ba. Wani ya ɗauki tef ɗin tela ya auna daga dunƙulen hannunka zuwa daɓe. Wannan shi ne tsawon sandarka a miƙaƙƙiyar hanya. Idan kai kaɗai ne, ka ninka tsayinka da 0.68. Mai santimita 160 zai samu kusan 109, sai ya ɗauki 110. Mai 170 zai samu kusan 116, sai ya ɗauki 115. Mai 180 zai samu 122, wato tsakanin 120 da 125. Masu naɗewa marasa canza tsawo galibi goma-goma suke zuwa, 100, 110, 120, 130. Wanda ya faɗo tsakani ya ɗauki gajeriyar idan hawa ya fi yawa a tafiyarsa, doguwar kuma idan gwiwa ce matsalarsa a gangara.

A kanti, ko Decathlon ne a Jidda da Riyad ko wani shagon kayan zango, kada ka ji kunyar gwaji. Ka buɗe sandar, ka kulle, ka dasa ta a ƙasa, ka ɗora tafuka biyu a kanta ka sake mata nauyinka a hankali. Idan gaɓa ta zame ko da kaɗan, ka ɗaure notin makulli ka sake. Idan ta kuma zamewa, ajiye ta. Ka girgiza ta ka saurara, sandar kirki ba ta kwaramniya. Wanda zai saya ta hannu a kasuwar gwanjo, irin ta Sawarikh a Jidda, ya zare kowace gaɓa gaba ɗaya ya duba. A alminiyum ana neman farin gari a ciki da wurin da aka taɓa lanƙwasawa aka miƙe. A kabon sai a shafa auduga a jikinta, in ta kama zare akwai tsagu, sannan a ɗan tanƙwara ta kusa da kunne, in ta yi ƙas-ƙas a bar wa mai ita kayansa.

Haɗa ta

A mai gaɓa uku, ka fara zaro ta ƙasa sannan ta tsakiya. Idan dukkansu suna da lambobi, ka tsayar da su a lamba ɗaya, misali 115 da 115. Wasu kuma gaɓar ƙasa alama ɗaya gare ta, a nan ake tsayar da ita, a yi awo da ta tsakiya. Kowace gaɓa tana da layin iyaka kusa da ƙarshenta. Kada ka taɓa wuce shi, domin abin da ya rage a cikin bututu ba zai isa ya riƙe ba, kuma nan ne sanda ke ɓallewa. Idan za ka rage tsawo, ka fara ragewa daga ta ƙasa, ita ce siririya mai rauni.

Harshen makulli ya kamata ya rufe da ɗan ƙarfin babban yatsa, ka ji ya yi ƙas. Idan ya rufe salin-alin, ya saki. Ka buɗe shi, ka juya notin rubu'in zagaye, ka gwada, ka ƙara rubu'i in da buƙata. Idan kuma sai ka sa tafin hannu da ƙarfi, ya yi tsauri, kuma a sandar kabon wannan matsin kaɗai yana iya fasa bututu. Wasu makullan da yatsa ake juya notinsu, wasu sai da ƙaramar sukundireba ko kwabo. Ka san naka tun a gida.

A mai naɗewa, ka haɗa gaɓoɓin baki da baki, ka riƙe mariƙi ka ja gaɓar sama har ɗan maɓallin ya fito ya yi ƙas. In bai fito sosai ba, sandar za ta naɗe da kai a taku na farko mai nauyi. Yashi a bakin gaɓa ne ke jawo haka, sai a hure a goge.

Sa hannu a igiya

Wannan shi ne abin da aka fi kuskurewa, kuma shi ne rabin amfanin sandar. Hannu daga ƙasa yake shiga. Ka ɗaga igiyar, ka zura hannunka ta ƙarƙashinta zuwa sama har wuyan hannu, sannan ka sauko da tafinka a kan igiyar da mariƙin tare, yadda igiyar za ta ratsa tsakanin babban yatsa da manuni ta kwanta a tafi. Yanzu idan ka danna ƙasa, igiyar ce ke ɗaukar nauyi ta bayan wuyan hannu, yatsu kuwa riƙon sakainar kashi kawai suke yi wa sandar don kada ta kauce. Wanda ya zura hannu daga sama dole ya damƙe mariƙi da ƙarfi duk tsawon tafiya, kafin awa biyu yatsu sun ƙage, kuma idan ya faɗi igiyar tana iya murɗe masa babban yatsa.

Ka daidaita tsawon igiyar yadda hannunka zai zauna daidai kan mariƙi idan ka saki nauyi. In ta yi tsawo hannu zai zame ƙasa, in ta yi gajarta za ta shaƙe jini.

Tafiya a miƙe da hawa

A miƙaƙƙiyar hanya ƙafar dama da sandar hagu suke tafiya tare, ƙafar hagu da sandar dama, kamar yadda hannuwa ke lilo da kansu. Kada ka tsaya tunaninsa. Ka fara tafiya kana jan sandunan a baya, idan hannuwa suka kama lilonsu sai ka fara dasawa. Tsini yana sauka ne daidai gefen ƙafa ko ɗan baya da ita, sandar ta karkata, kanta a gaba tsininta a baya, ka tura ƙasa da ita. Idan kana jefa tsini can gabanka, birki kake taka wa kanka a kowane taku. Gwiwar hannu kuma ta zauna kusa da jiki.

Idan hawa ya miƙe, ka rage santimita 5 zuwa 10. Alamar cewa sanda ta yi tsawo a hawa ita ce hannunka na wuce kafaɗa, kafaɗar kuma ta fara zafi. Idan hawan gajere ne, ba sai ka taɓa makulli ba: ka zare hannu daga igiya ka riƙe soson nan da ya zarce ƙasa. Taku ya zama gajere, sandar tana tura ka daga baya. Kada ka dasa ta sama ka jawo jikinka da ita kamar mai jan guga, wannan yana cinye ƙarfin hannu kuma shi ke sa makulli zamewa.

A manyan matakala irin na Dutsen Nur, waɗanda tsayinsu ba ɗaya ba ne, ana dasa sandunan biyu tare. Ka ɗora su a matakalar da kake kai ko wadda ke gaba, ka danna, ka ɗaga ƙafa. Inda aka yi siminti ka sa takalmin roba. Hanyar tana cika da jama'a, tsofaffi da mata da yara, saboda haka tsini ya kasance ƙasa koyaushe, kada ka yi nuni da sanda, kada ka rataye ta a hannu tana lilo a fuskar na bayanka. Kusa da kogon Hira, inda wuri ya ƙuntata ana dafa dutse da hannu, ka naɗe su ka sa a jaka. A nan sanda cikas ce. Dattijon da gwiwarsa ko zuciyarsa ba ta da ƙarfi kuma a tuna masa cewa hawa dutsen nan ba ya cikin ayyukan Hajji ko Umra, sanda ba za ta mayar da shi saurayi ba.

Idan hanya ta ratsa gefen dutse, tudu a dama gangare a hagu, sandar ɓangaren tudu ta zama gajera, ta ɓangaren gangare doguwa. Tunda hanya na yawan juyawa, ya fi sauƙi ka riƙe ta tudu a soson ƙasa, ka dafa ta gangare a ƙoƙon kanta.

Gangara

Yawancin raunuka a saukowa ake samunsu, lokacin da ƙafa ta gaji rana kuma ta ɗaga. Ka ƙara santimita 5 zuwa 10 a kan tsawonka na asali, ka sake gwada makullan da nauyinka kafin ka fara, domin yanzu ne za su ɗauki kaya. Nan tsini a gaba yake sauka. Ka dasa, ka tabbata ya ciji, sannan ƙafa ta biyo. Gwiwa a ɗan lanƙwashe, ƙirji a kan ƙafafu, kada ka kwanta baya. A babban tsalle, inda dutse ya kai gwiwa ko fiye, ka dasa biyun a ƙasa, ka dafa kawunansu da tafuka, ka sauko da ƙafa ɗaya a hankali maimakon dirowa.

A gangare mai tsanani, ko cikin manyan duwatsu, ka cire hannu daga igiya. Idan ka zame kana buƙatar ka yar da sanda ka dafa ƙasa, in kuwa tana ɗaure da kai za ta iya karya wuyan hannu ko ta gurɗa kafaɗa, ko ka faɗa a kanta.

Inda ake dasa tsini ilimi ne da ido ke koya. Ka nemi ɗan lotsi a kan dutse, ko ƙasa tsakanin duwatsu masu faɗi, ko gindin dutsen da ya kafu. Ka guji tsaga mai zurfi, da dutsen da ke motsi, da falalen dutse mai sulɓi wanda ya karkata. Idan ka ji tsini ya maƙale, ka tsaya nan take, ka koma baya taku ɗaya, ka zare shi ta hanyar da ya shiga. Fizga gaba ita ce ke karya sanda. A tsakuwa mai gudu, irin ta gangaren Ɗuwaiƙ a wajen Riyad, ka dasa biyun a gaba ka taka da dunduniya, tsakuwar ta ɗan tafi da kai ba komai.

Sutura tana shiga maganar nan. Jallabiya ko abaya mai jan ƙasa tana naɗe tsini, kuma hannun da ya kamata ya tattare ta yana riƙe da sanda. Maza su sa wando, mata su sa wando mai faɗi a ciki da riga ko abayar da ta tsaya sama da idon sawu, a kuma cusa jelar mayafi don kada ta shiga igiyar hannu. Silifa da sanda mai tsini kuwa ba sa haɗuwa, yatsan ƙafa ne ke biyan kuɗin.

Birai, macizai da hadari

Gwaggon biri ya cika hanyar Hada da duwatsun Asir, ya kuma saba da mutane. Kada ka ɗaga masa sanda ko ka yi kamar za ka doke shi, babban namiji yana ɗaukar haka a matsayin neman faɗa. Ka ɓoye abinci da leda a jaka, ka riƙe sandunan a ƙasa tsakaninka da shi, ka wuce ba tare da ƙura masa ido ba. Kafin ka zauna a kan dutse ko ka sa ƙafa cikin ciyawa, ka bubbuga wurin da sanda, akwai kububuwa da kunama a waɗannan duwatsu. Amma kada ka zura ta cikin rami.

A Asir ana samun hadari da tsawa da rana tsaka a watannin zafi. Alminiyum da kabon duka suna ɗaukar lantarki. Idan tsawa ta matso, ka sauka daga ƙololuwa, ka ajiye sandunan a kwance nesa da kai, kuma kada ka fake a cikin kwari, domin ruwan da ya sauka a wani wuri yana iya zuwa da ambaliya cikin mintoci. Lambar motar asibiti 997 ce, ta jami'an ceto 998, a yankin Makka da Riyad kuma 911 na haɗa su duka.

Kula da ita da gyara

Bayan kowace fita ka zare gaɓoɓin gaba ɗaya, ka goge da ɗanyen tsumma, ka bar su su bushe a rarrabe kafin ka mayar. Ga mazauna Jidda wannan wajibi ne. Laimar teku da gishirin gumi suna sa alminiyum ya yi farin gari a ciki, gaɓoɓi su manne kamar an yi musu walda. Kada ka sa mai ko girisi ko man feshi a bututu: makulli da gogayya yake kamawa, mai kuma zai sa ya zame ya kuma tara ƙura. Ka ajiye ta da harsunan makulli a buɗe. Soso da igiya a wanke su da ruwan ɗumi da ɗan sabulu.

Kada ka bar ta a cikin mota da rani. Zafin motar da ke rufe a Makka yana sassauta gam ɗin da ke riƙe da mariƙi, ya busar da roba ta tsattsage.

Tsini ya ƙare idan bakinsa ya zama sumul, ko ɗan ƙarfen ya fita ya bar roba. Wasu da zare suke, filaya ke kwance su. Waɗanda aka cusa kuwa, ka tsoma ƙarshen sandar a tafasasshen ruwa kamar minti ɗaya, ka zura sifana a jikin bututu sama da tsinin, ka buga ta ƙasa har ya fita, sannan ka cusa sabo ka daddoka shi a daɓe.

Ka naɗa kamar mita ɗaya na tef mai ƙarfi a jikin sandar, ƙasa da mariƙi. Idan gaɓa ta karye a daji, ka ɗora turken tanti ko tsinken ƙarfe a gefen karayar ka naɗe da tef, zai kai ka mota in ba ka dogara sosai ba. Alminiyum da ya lanƙwashe ana miƙe shi sau ɗaya, a hankali, a kan gwiwa ko gefen dutse mai sulɓi, kuma ba sai ya miƙe sarai ba, domin kai da kawowa ne ke karya shi. Kabon da ya tsage ba ya gyaruwa, sai canjin gaɓa, shi ya sa yana da kyau ka tambaya tun ranar saye ko kamfanin na sayar da gaɓa ita kaɗai, kamar yadda irin su Leki da Black Diamond ke yi.

Mai tafiya Najeriya ko Nijar da sandunansa ya sa su a akwatin da ake aunawa, kada ya sa a jakar hannu, don masu binciken filin jirgi kan hana abu mai tsini shiga. A kifa musu takalman roba, a naɗe su cikin tufafi a tsakiyar akwati, nesa da gefen da ake jifa.